Ciwon Ƙoda: Tambayoyin da Majinyata da Masu Jinya Suka Fi Yi

Waɗannan tambayoyi ne da ba sa ƙarewa a bakin masu ciwon ƙoda, da 'yan uwan da ke jinyarsu, da waɗanda aka tura gwaji suka koma gida da takarda a hannu da fargaba a zuci. Na jero su daga mai sauƙi zuwa mai zurfi. Ba za su hutar da kai zuwa wajen likita ba, amma za su sa ka shiga ɗakinsa da abin tambaya a bakinka. Abin da ya fi damuna, kuma za ka ga ina ta komawa kansa, shi ne ƙoda ba ta kuka da wuri. Sai an bi ta da gwaji ake sanin halin da take ciki.

Wai mene ne ainihin aikin ƙoda a jiki?

Ƙoda biyu Allah Ya yi wa ɗan Adam, kowace girmanta kamar dunƙulen hannunsa. Suna ta baya, ƙarƙashin haƙarƙari, ɗaya a dama ɗaya a hagun ƙashin baya. A cikin kowace akwai mitsi-mitsin matatai kusan miliyan ɗaya. Jini na ratsa su dare da rana, kuma a kwana guda suna tace ruwa kimanin lita 180, su mayar da kusan dukkansa cikin jiki. Ɗan abin da ya rage, lita ɗaya zuwa biyu, shi ne fitsarin da ke fita da datti.

Ba tacewa kaɗai take yi ba. Ita ke daidaita ruwa da gishirin jiki, tana da hannu a hawa da saukar jini, ita ke aika saƙo ga ɓargo ya ƙera sabon jini, ita ce kuma ke gyara bitamin D yadda ƙashi zai amfana da shi. Shi ya sa za ka ga mai ciwon ƙoda da ƙarancin jini, ga hawan jini, ga ciwon ƙashi, duk a lokaci guda, alhali tushen ɗaya ne.

Ciwon ƙoda iri ɗaya ne, ko ya kasu?

Ya kasu gida biyu, kuma bambancin ba ƙarami ba ne. Akwai na farat ɗaya, wanda ƙodar ke tsayawa cikin awoyi ko 'yan kwanaki. Amai da gudawa mai tsanani irin na kwalara, zubar jini bayan haihuwa, zazzaɓin cizon sauro da ya yi tsanani, saran maciji, ƙwayar cuta da ta shiga jini, ko wani magani mai guba, duk suna kawo shi. Wannan in an kai mutum asibiti da wuri, sau da yawa ƙodar na farfaɗowa.

Na biyun shi ne mai daɗewa, wanda aka tabbatar ya wuce wata uku. A hankali yake cin matatan nan, shekara da shekaru, kuma wadda ta mutu ba ta dawowa. Abin da ake iya yi shi ne a rage masa gudu, wani lokaci har a tsayar da shi cak. A duniya ana ƙiyasin mutum ɗaya cikin goma na ɗauke da irin wannan, akasarinsu ba su sani ba. Wanda ya taɓa yin na farat ɗaya ya warke, shi ma kada ya saki jiki. Ya riƙa gwaji, don yana cikin waɗanda mai daɗewar ya fi kamawa.

Bayana yana yawan ciwo. Ƙoda ce?

Galibi ba ita ba ce. Ciwon ƙugu da na gadon baya da ke damun manoma, 'yan dako, teloli da masu tuƙi ya fi fitowa daga tsoka da ƙashi. Ƙoda na ciwo idan akwai tsakuwa, ko ƙwayar cuta ta hau ta (a nan za a ji zazzaɓi, rawar sanyi da zafin fitsari), ko fitsari ya toshe. Amma mai daɗewar nan da ke kai mutane wankin ƙoda, wato tace jini da inji, yawanci ko ɗigon ciwon baya ba ya sawa. Haɗarin ma ta wani wajen yake: mai ciwon baya ya yi shekaru yana haɗiyar maganin kashe zafi, sai maganin ya kawo ciwon ƙodar da da babu shi. Duba amsar da ke magana kan magungunan kemis.

To waɗanne alamomi ne ya kamata su tayar mini da hankali?

Fitsari mai kumfa da ba ta kwanciya, kamar an zuba sabulu. Kumburin fuska da idanu da safe, ƙafafu kuma da yamma. Yawan tashi fitsari cikin dare, ko raguwarsa ƙwarai. Jini a fitsari, ko ya koma kalar baƙin shayi. Idan abin ya yi nisa sai a ga kasala, ɗashewar jiki, rashin son abinci, tashin zuciya da safe, ƙaiƙayi, shaƙuwa mai naci, numfashi sama-sama, wani har ruɗewa.

Sai dai ka lura, yawancin waɗannan baƙi ne masu zuwa a makare. Mutum na iya rasa fiye da rabin ƙarfin ƙodarsa yana zuwa gona, yana zuwa kasuwa, yana cin tuwonsa lafiya lau. Wanda ya ce sai ya ga alama zai je gwaji, kamar wanda ya ce sai katanga ta faɗi zai san gara na cinta ne.

Me ke kawo ciwon mai daɗewa?

Manyan biyu su ne hawan jini da ciwon suga. Hawan jini na takura wa ƙananan jijiyoyin da ke cikin matatan har su ƙeƙashe, suga kuma na huda su su riƙa yoyon furotin cikin fitsari. Bayan su akwai kumburin matatan kansu, da cututtuka irin su ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C, da sikila. Akwai kuma toshewar hanyar fitsari: tsakuwa, ko kumburin ƙululun da ke wuyan mafitsarar maza idan shekaru suka ja. Dattijon da fitsarinsa ke fita da ƙyar, ɗis-ɗis, kada a ce masa tsufa ne kawai. Fitsarin da ya rasa hanyar fita baya yake komawa ya danne ƙoda.

Kada a manta da tsargiya. Yaron da ke wanka a rafi ko madatsar ruwa yana fitsarin jini, a wasu ƙauyuka har yau ana ɗaukar abin kamar alamar balaga. Tsutsa ce ke yi wa mafitsara da hanyoyin fitsari tabo, tabon kuma na iya toshe ƙoda bayan shekaru. Maganinta, Praziquantel, ba shi da tsada, ana ma raba shi kyauta a makarantu.

Ana gadonsa ne? Kuma me ya sa ake yawan jin sa a wasu garuruwa?

Akwai nau'in da ake gada kai tsaye, wanda ƙoda ke cika da ƙuraje masu ruwa. Idan uba ko uwa na da shi, kowane ɗa na da rabin yiwuwar ɗauka. Hawan jini da suga ma suna bin dangi. A 2010 masu bincike suka gano wani sauyi a ƙwayar halittar gado da ake kira APOL1, wanda ya yawaita a jikin mutanen Afirka ta Yamma da zuriyarsu a Amurka. Yana ba da kariya daga wani nau'in ciwon barci da ƙudan tsando ke yaɗawa, amma wanda ya gaje shi ta uwa da uba ƙodarsa ta fi saurin lalacewa. Saboda haka in an taɓa samun mai ciwon ƙoda a gidanku, gwaji ya hau kan kowa.

Maganar garuruwa kuma gaskiya ce. An daɗe ana kokawa da yawan ciwon a yankin Gashuwa, Jakusko da Nguru a Yobe, da Haɗeja a Jigawa, da sassan Borno, kuma da yawa daga masu shi ba su da suga. Abubuwan da ake bincike a kansu sun haɗa da ruwan sha, magungunan feshi, da aikin ƙarfi cikin rana ba tare da isasshen ruwa ba. An ga makamancin haka a wajen masu saran rake a Amurka ta Tsakiya da manoman shinkafa a Siri Lanka. Mutumin waɗannan yankuna, ko ƙarfi ya ishe shi, ya yi gwaji duk shekara.

Wane gwaji zan yi, kuma sau nawa?

Abu uku ne: awon hawan jini, gwajin fitsari don a ga ko akwai furotin ko jini a ciki, da gwajin jini na kiriyatinin, wani datti da ƙoda ke fitarwa wanda ke taruwa idan ta gaza. Na fitsarin shi ne mafi arha, kuma sau da yawa shi ke fara tona asiri tun jini bai nuna komai ba. Idan an ga wani abu, likita zai ƙara da hoton ciki don a ga girman ƙodar da ko akwai toshewa.

Mai hawan jini, mai suga, mai sikila, mai ƙanjamau, wanda ya haura 50, da wanda ake da ciwon a danginsa, aƙalla sau ɗaya a shekara.  Ranar Alhamis ta biyu a watan Maris ita ce Ranar Ƙoda ta Duniya, tun 2006 ake yin ta, kuma asibitoci da dama kan yi awo kyauta a ranar.

An rubuta mini eGFR 52 a takarda. Me ke nan?

Lamba ce da ake lissafowa daga kiriyatinin, da shekaru, da jinsi, tana nuna ƙarfin tacewar ƙoda. A sauƙaƙe ka ɗauke ta kamar maki bisa ɗari. Daga 90 zuwa sama mataki na 1 ne, 60 zuwa 89 mataki na 2. Waɗannan biyu ba a kiran su ciwo sai in akwai wata shaida, kamar furotin a fitsari. Daga 30 zuwa 59 mataki na 3, 15 zuwa 29 mataki na 4, ƙasa da 15 mataki na 5.

Naka ya faɗa mataki na 3, amma gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci. Zazzaɓi, gudawa ko ƙishirwa na iya saukar da lambar na ɗan lokaci, don haka sai an maimaita bayan wata uku. Ko ya tabbata, ka kwantar da hankalinka: mafi yawan masu mataki na 3 ba sa kaiwa ga wanki, musamman in sun riƙe hawan jini da suga. Ka ajiye duk takardunka wuri ɗaya, domin yadda lambar ke tafiya shekara bayan shekara ya fi lambar yau magana.

Da gaske magungunan kemis na lalata ƙoda?

Wasu daga ciki, ƙwarai kuwa. Na gaba-gaba su ne masu kashe zafin ciwo irin su Diclofenac, Ibuprofen da Piroxicam. Suna rage jinin da ke shiga ƙoda, kuma ɓarnarsu ta fi yawa ga dattijo, mai hawan jini, mai suga, da wanda jikinsa ya bushe. Ka dubi lebura da ya wuni cikin rana yana gumi, ruwa bai ishe shi ba, da yamma ya tsaya wajen mai kwali a haɗa masa maganin gajiya, ƙwaya huɗu ko biyar a ƙulle a leda, biyu daga ciki duk dangin nan ne. Kullum haka, shekara biyar, shekara goma. Wannan haɗin yana cikin abubuwan da suka fi ba ni tsoro, don mai sha bai san sunan ko ɗaya ba. Idan ciwo ya dame ka, farasitamol a bisa ƙa'ida ya fi sauƙi ga ƙoda. Allurar Gentamicin ma, da ake yi barkatai a gida, tana taɓa ƙoda da ji.

Sai jabu da gurɓatattu. Tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009 yara 84 suka rasu a Najeriya bayan an ba su wani maganin haƙora da ya gurɓata da sinadari mai kashe ƙoda, a 2022 kuma kusan yara 70 suka rasu a Gambiya ta irin wannan hanya da maganin tari. Wasu mayukan bilicin ma na ɗauke da zaiba, wadda ke ratsa fata ta sa ƙoda yoyon furotin.

Maganin gargajiya fa? Ai itace ne, ba sinadari ba.

Itacen ma sinadari ne a cikinsa, shi ya sa yake aiki, shi ya sa kuma yake iya illa. Ban raina ilimin iyaye da kakanni ba. Matsalata da jarkokin da ake yawo da su a tasha da kasuwa ne: na basir, na sanyi, na ƙarfin maza, na wankin ciki. Babu awo, babu sanin abin da aka zuba, wasu ma ana niƙa ƙwayoyin bature a ciki don mai sha ya ji aiki nan take. Wanda ke sa gudawa yana ƙara busar da jiki. Likitocin ƙoda a Najeriya sun daɗe suna lissafa irin waɗannan jiƙe-jiƙe cikin abubuwan da ke kawo musu majinyata da ƙoda ta tsaya farat ɗaya.

Ga wanda aka riga aka tabbatar masa da ciwon, maganar ta fi tsauri, domin abin da lafiyayyar ƙoda za ta fitar, tasa ba za ta iya ba. Duk wanda ya ce yana da jiƙon da ke wanke ƙoda ko ya hana wanki, ka riƙe kuɗinka. In kuma ka riga ka sha wani abu, ka faɗa wa likita gaskiya. Ba don ya yi maka faɗa yake tambaya ba.

An ce in ka daɗe kana shan maganin hawan jini shi ke kashe ƙoda. In daina?

Kada ka daina. An juya maganar ne. Hawan jinin ne ke kashe ƙoda, maganin ke kare ta. Abin da ke faruwa shi ne mutum ya yi shekaru da hawan jini bai sani ba, a fara ba shi magani bayan ɓarna ta yi nisa, in ƙodar ta gaza sai a ɗora wa maganin laifi. Abin da ake nema ga yawancin mutane shi ne awo ya zauna ƙasa da 130 bisa 80, kuma saukarsa ba ta nufin an warke, tana nufin maganin na aiki.

Wasu magungunan ma musamman don ƙodar ake ba da su, irin su Lisinopril da Losartan, masu rage yoyon furotin, da sababbi irin su Dapagliflozin da aka fara yi don suga aka ga suna rage gudun ciwon ƙoda. Akan sake gwajin jini mako ɗaya ko biyu bayan fara Lisinopril ko Losartan. Mai ciki ba ta shan Lisinopril ko Losartan. Kuma ranar da amai da gudawa suka kama ka, ka tuntuɓi likita ko za a dakatar da su na kwana biyu, su da maganin sa fitsari da maganin suga na Metformin.

Ruwa nawa ya kamata in sha?

Ga mai lafiya, fitsarinka ne ma'auni: in ya yi fari-fari ruwa ya isa, in ya yi ja kuma kaɗan, ƙara. A watannin Maris zuwa Mayu, manomi, ɗan acaɓa da mai aikin gini na bukatar fiye da na mai zaman ofis nesa ba kusa ba, kuma kada su jira sai ƙishi ya kama su. Wanda ya taɓa yin tsakuwar ƙoda ana so ya sha abin da zai sa ya fitar da fitsari lita biyu zuwa biyu da rabi a kwana. Ledar fiyawata ɗaya rabin lita ce, sai ka yi lissafi.

Amma wannan shawara ba ta hau kan wanda ya kumbura ko yake wanki ba. Shi ƙayyade masa ake yi, galibi rabin lita a kan adadin fitsarin da ya yi jiya, kuma koko, kunu, shayi da romo duk ruwa ne. 'Yan dubiya su daina matsa masa da cewa ya sha ruwa da yawa ƙodar ta wanku. Ruwan a huhu yake taruwa.

Gishiri, dunƙulen miya da kanwa, wanne ne matsalar?

Duka ukun, domin sinadarin sodiyam ne a cikinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a kwana, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin abinci. Uwargida za ta ce ai ba ta sa gishiri sosai, amma ta marmasa dunƙule biyar a tukunya, fiye da rabin kowane kuwa gishiri ne. Ga yajin tsire, ga kilishi, ga taliyar yara da ɗan ƙullin garinta, ga kifin gwangwani. Kanwar da ake jefawa a wake, ɗanwake da miyar kuɓewa ita ma ta shiga lissafi.

A rage a hankali, harshe na sabawa cikin 'yan makonni. Daddawa, albasa, tafarnuwa, citta da kifi busasshe marar gishiri suna tayar da miya. Gishirin da ake tallatawa na masu hawan jini kuma, mai ciwon ƙoda ya nisance shi, sinadarin fotasiyam ne a ciki. Dalilin na cikin amsa ta gaba.

An tabbatar wa mahaifiyata ciwon. Me za ta ci, me za ta bari?

Allah Ya ba Mama lafiya. Amsar na bin matakin da take da abin da gwajin jininta ya nuna, don haka kada a kwafi takardar abincin wani majinyaci. A matakan farko rage gishiri da daidaita nama ya wadatar. In ciwon ya yi nisa, fotasiyam kan taru a jini, yawansa kuma na iya tsayar da zuciya ba sallama. A lokacin ne ake taƙaita ayaba, lemon zaƙi, dabino, tumatir mai yawa, dankali da ruwan kwakwa. Dankali da doya akan yanka ƙanana, a tafasa, a zubar da ruwan. Idan sinadarin fosfaras ya hau a jini, sai a rage lemon kwalba baƙi, madara da gyaɗa.

Kuskuren da na fi gani shi ne a hana majinyaci komai saboda tsoro, har ya rame ya rasa ƙarfi. Wanda ya fara wanki ma ƙarin furotin yake bukata, kamar ƙwai, kifi da kaza. Ku nemi ganin masanin abinci na asibitin, ku je masa da jerin abin da ake dafawa a gidanku.

Zan iya yin azumi?

Mai mataki na 1 ko na 2 da ciwonsa ke zaune lafiya galibi yana iyawa, in ya sha ruwa sosai tsakanin buɗa-baki da sahur. Mataki na 3 sai an duba mutum da kansa. Masu mataki na 4 da 5, da wanda ƙodarsa ba ta daɗe da tsayawa ba, da wanda bai daɗe da dashen ƙoda ba, likitoci kan hana su, balle azumin bazara. Allah Ya yi wa marar lafiya rangwame a Suratul Baƙara, aya ta 184 da 185, malamai kuma sun yi bayanin ramuwa da ciyarwa. Ka ga likita tun cikin Sha'aban a yi gwaji a gyara lokutan magani, kuma ka tuna da maganar dabino a amsar da ta gabata.

Mata masu ciki da yara fa?

Awon ciki kariya ce ga ƙoda, shi ya sa ake auna jini da fitsari kowane zuwa. Hawan jinin ciki da ke kai ga jijjiga, da zubar jini wajen haihuwa, suna cikin manyan abubuwan da ke tsayar da ƙodar mata matasa. Wadda ta yi jijjiga ta ci gaba da awo ko bayan arba'in, wadda kuma ke da ciwon ƙoda ta yi shawara da likita kafin ta ɗauki ciki.

Yaro in ya tashi fuska a kumbure, ko fitsarinsa ya yi duhu makonni kaɗan bayan ciwon maƙogwaro ko ƙazuwar da ta yi ruwa, a kai shi asibiti, yawancinsu na warkewa sarai. Jariri namiji da fitsarinsa ba ya tsartuwa, sai ɗiga yana yunƙuri, shi ma a duba shi da wuri. Yaro mai gudawa a fara ba shi ruwan gishiri da suga tun a gida.

Mene ne wankin ƙoda? Gaskiya ne in an fara ba a dainawa?

Sunan na ruɗar mutane. Ba ƙodar ake wankewa ba, jini ake wankewa. Ana jan sa ta bututu ya ratsa matatar inji, a cire datti da ruwan da ya yi yawa, a mayar da shi jiki. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Willem Kolff, ya ƙera injin farko a 1943. Ƙa'ida ita ce sau uku a mako, kimanin awa huɗu kowane zama.

Wanda ƙodarsa ta tsaya farat ɗaya na iya yin wanki 'yan lokuta ta farfaɗo ya daina. Wanda ya kai mataki na 5 na mai daɗewa zai ci gaba, sai in an yi masa dashe. Ba wankin ne ya hana ƙodarsa tashi ba, dama ta riga ta gaza. Jita-jitar cewa wanki na kashe mutane ta samo asali ne daga yadda ake kawo majinyata a ƙurarren lokaci, bayan an zaga ko'ina. Idan likita ya ce lokaci ya yi, jinkiri ne abin tsoro.

Ina za mu samu kuɗin?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ciwo, kuma na san gidajen da aka sayar da gona da shanu a kanta. Ban da kuɗin zama a inji, akwai allurar ƙarin jini, gwaje-gwaje da kuɗin mota, shi ya sa da yawa ke komawa sau ɗaya a mako. A 2025 gwamnatin tarayyar Najeriya ta sanar da rage kuɗin wanki daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, jihar Yobe kuma tana yi wa majinyatanta kyauta. Ku tambayi ofishin jin daɗin majinyata na asibitinku, ku bincika inshorar lafiya ta jiha, ku kai kuka ga hukumar zakka da ƙungiyoyin unguwa. Dangi su zauna tun farko su raba nauyin wata-wata. In aka bar wa mutum ɗaya, wata uku ya durƙushe.

Dashe fa? Ya halatta, kuma wanda ya bayar zai rayu lafiya?

Ga wanda ya dace da shi, dashe ya fi wanki tsawon rai da jin daɗi. An fara cin nasararsa a birnin Boston na Amurka a 1954, tsakanin wasu tagwaye. A Najeriya an fara a asibitin St. Nicholas da ke Legas a 2000, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya bi baya a 2002, na Jami'ar Maiduguri a 2010. Mai bayarwa sai an tabbatar ƙodojinsa biyu lafiya lau, ba shi da suga ko hawan jini, jininsu kuma ya dace. Ɗayar da ta rage masa na ƙara girma ta riƙe shi, ya yi aikinsa, mace ta haihu, sai dai awo duk shekara. Wanda aka dasa wa kuma zai sha maganin hana jiki ƙin baƙuwar ƙodar muddin tana jikinsa. A sa kuɗin wannan magani a lissafi tun kafin a shiga tiyata, domin barin sa na kashe dashen.

Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta kyautar gaɓa bisa sharuɗɗa, ta hana sayarwa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ma ta haramta cinikin sassan jiki a Najeriya. Matasan da dillalai ke ruɗa da kuɗin babur ko na waya su sani, in aka cire ta ba ta dawowa, dillalin kuma ba zai biya musu kuɗin asibiti ba.

An ce a yi wa Baba tiyata a hannu kafin ya fara wanki. Ta mece ce?

Ana kiran ta fistula. Ƙaramar tiyata ce da ake haɗa jijiyoyin jini biyu a hannu, don ɗaya ta yi kauri ta iya ɗaukar allurar inji. Takan ɗauki mako shida zuwa wata uku kafin ta nuna, shi ya sa ake so a yi ta tun a mataki na 4, kamar yadda aka yi bayanin matakan a sama. Ta fi bututun wuya ko na cinya aminci, domin bututu ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta.

Tun daga yau a killace wannan hannu. Kada a ɗebi jini ko a sa ƙarin ruwa a cikinsa, kada a auna hawan jini a kansa, kada Baba ya ɗaura agogo, ya kwanta a kai, ko ya ɗauki kaya mai nauyi da shi. Kowace safiya ya ɗora yatsu a wajen, zai ji yana zir-zir kamar wayar da ke rawa a aljihu. Ranar da bai ji ba, ko wajen ya yi ja da zafi, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira ranar wanki.